An bar jaki ana dukan taiki: yadda ake bin sawun aibi a cikin sana'a

Duk wanda ya taɓa zama a shagon tela a Zango ana saura kwana uku Sallah ya san yadda abin yake. Mai kaya ya dawo da riga, hannu ɗaya ya ɗara ɗaya tsawo, ko wuyan ya ƙi wuce kai. Maigida ya karɓa ya ba da haƙuri, sannan ya juya cikin shago da tambaya guda: wa ya ɗinka wannan? A nuna yaro, a yi masa faɗa, wani lokaci a hana shi kuɗin abincin ranar, a farke rigar a gyara cikin dare. Kowa ya ɗauka magana ta mutu. Sallar gaba sai ga wata rigar ta dawo da irin aibin nan sak, alhali yaron da ya sha faɗan bara tuni ya bar shagon ya tafi Kano ko Agadas neman na kansa.

In yaro ya tafi amma aibi bai bi shi ba, ashe dama ba a hannun yaron yake zaune ba. Yana cikin yadda aka tsara aikin: yadda ake ɗaukar awo, inda ake rubuta shi, wanda ke yanka, hasken da ake ɗinki da shi, yawan kayan da maigida ya karɓa alhali ya san kwanakin ba za su isa ba. Akwai ilimi guda da manyan masana'antu suka shafe kimanin shekara ɗari suna ginawa a kan wannan batu, kuma na yi imani mafi yawansa zai yi aiki a Damagaram ba tare da an sayi ko na'ura ɗaya ba.

Tushen abin a Amurka ne, a 1924. Wani masani mai suna Walter Shewhart, da ke aiki da masu ƙera kayan tarho, ya lura cewa babu abu biyu da ke fitowa daga masana'anta daidai wa daida. Bambanci dole ne. Abin da ya gano shi ne bambancin iri biyu ne, kuma maganin ɗaya guba ne ga ɗayan. Akwai bambanci na yau da kullum, wanda ƙananan dalilai masu yawa ke haddasawa, kowanne ɗan kaɗan. Akwai kuma na musamman, wanda wani abu guda ya faɗo daga waje ya jawo. Ya zana jadawali mai layin tsakiya da iyaka sama da ƙasa, ana ɗiga awon kowace rana a kai. Muddin ɗigo yana yawo tsakanin iyakokin nan ba tare da ya kama hanya ɗaya ba, aikin yana tafiya ne a kan halinsa. Ranar da ya tsallake iyaka, ranar ce ake tashi a nemi abin da ya faru.

Mu kai maganar gidan burodi. A ce ana son kowane burodi ya yi giram 200, amma yau ya fito 196, gobe 203, jibi 199. Wannan numfashin aikin ne kawai, kamar yadda tuwon uwargida ba ya fitowa da tauri ɗaya kullum. Maigidan da ya ga 196 ya daka wa mai yanka ƙulli tsawa ya ƙara, gobe ya ga 205 ya ce a rage, shi da kansa yake faɗaɗa bambancin, domin kullum yana gyara abin da bai ɓaci ba. Amma in an wayi gari burodi ya faɗo 170, ko ya ƙi tashi gaba ɗaya, to wani abu ya shigo: sabon buhun fulawa, yis da ya daɗe a zafi, sikeli da ya faɗi ƙasa jiya. Wannan kam a bi sawunsa tun da sauran ɗumi. A ganina rabin faɗan da ake yi a wuraren sana'armu daga rashin rarrabe waɗannan biyun yake tasowa. Ana hukunta mutum a kan abin da tsarin ne ya haifar, ana kuma wuce alamar haɗari ta gaske da cewa ai haka abin yake wani lokaci.

Wanda ya yaɗa wannan tunani ya kai shi nesa shi ne Edwards Deming. A 1950 injiniyoyin Japan suka gayyace shi ya karantar da su, ƙasar tana farfaɗowa daga yaƙi, kayanta kuma duniya na yi musu kallon na banza. Sun riƙi karatun da hannu biyu, har suka kafa lambar yabo da sunansa a 1951. Deming ya kiyasta cewa kashi 94 cikin ɗari na matsalolin aiki na tsari ne, wato suna wuyan masu shugabanci, ɗan abin da ya rage ne ke da wani dalili na daban. Daga koyarwarsa Japanawa suka fitar da zagaye mai hawa huɗu da ake taƙaitawa da PDCA: ka tsara, ka gwada, ka duba abin da ya fito, ka yanke mataki, sannan ka sake komawa farko.

A baki abin kamar wasa ne, har mutum ya ce ai kowa haka yake yi. Ba haka kowa yake yi ba. Dubi ƙungiyar mata masu matsar man gyaɗa, irin waɗanda ke ko'ina daga Mirya zuwa Matameye da Magarya. A ce masu saye sun fara kukan man yana sauya wari kafin wata ya cika. Abin da aka saba shi ne a zauna kowa ya faɗi zatonsa: wata ta ce gyaɗar bana ce, wata ta ce mai injin niƙa ne, wata ta ce jarkokin ne. Daga nan sai a canza komai lokaci guda, a sake mai gyaɗa, a sake injin, a sayi sabbin jarkoki. In abin ya gyaru babu wadda ta san me ya gyara shi, in bai gyaru ba an yi asarar kuɗi uku. Zagayen nan yana cewa a ɗauki zato ɗaya tak. A ce zaton shi ne ruwan zafin da ake zubawa lokacin matsa bai gama ƙonewa daga man ba kafin a ɗura. To a ɗebi gyaɗa daga buhu guda, tiya biyar nan tiya biyar can, a yi musu komai iri ɗaya, sai dai kashi ɗaya a bar mansa a wuta har ya daina tsartsatsi, ɗayan a sauke yadda aka saba. A sa a kwalba biyu masu tsabta, a yi musu alama, a ajiye wuri ɗaya, a riƙa shinshinawa duk Juma'a. Kafin a fara, a faɗi abin da ake sa ran gani, domin zuciya takan so ta ga abin da take so. In zaton ya tabbata, ya zama dokar ƙungiya. In bai tabbata ba, tiya goma kawai aka kashe aka kawar da zato guda, a wuce na gaba.

Hawa na uku, dubawa, shi ne wanda aka fi tsallakewa. Mukan tsara, mukan yi, amma da wuya mu dawo mu tambayi kanmu ko abin da muka yi ya yi aiki. Dubawa kuwa ba ta yiwuwa sai da ƙirga, kuma a nan ne nake son in ɗan daɗe.

Damagaram an san ta da aikin fata. Tsakanin mahauci da majemi da baduku akwai tsohon ƙorafi da ba ya ƙarewa, kowa na cewa daga wajen ɗan'uwansa fatar ta lalace. Da majemi zai ajiye kaye irin na ƴan lakwal, ya ja layi biyar ko shida, duk fatar da ta fito da aibi ya ɗiga alama a layinta, da cikin wata biyu gardamar ta ragu. Layi ɗaya na yankan wuƙa wajen fiɗa, ɗaya na fatar da ta fara ruɓa kafin ta bushe, ɗaya na wadda aka shanya a ƙasa cikin rana ta ƙeƙashe, ɗaya na tabon ƙaya ko kaska ko ƙazwa tun dabbar na da rai, ɗaya na cin ƙwari a wurin ajiya, ɗaya kuma na abin da ya faru a hannun majemin kansa, kamar daɗewa cikin ruwan toka ko bagaruwar da ba ta ratsa ba. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami. Wanda bai iya ko ɗaya ba ya jera gwangwani shida ya riƙa jefa tsakuwa.

Abin da kusan kullum ke fitowa daga irin wannan ƙirga shi ne layukan ba sa cika daidai. Biyu za su cika maƙil, sauran ƴan ɗigo. Joseph Juran, wanda shi ma ya je Japan a 1954, shi ya ɗaura wa wannan dabi'a sunan Vilfredo Pareto, masanin tattalin arziki ɗan Italiya da ya lura cewa kimanin kashi 80 na filayen ƙasarsu suna hannun kashi 20 na mutane. Juran ya ce haka aibi yake: dalilai ƴan kaɗan ne ke ɗauke da mafi yawan asara. Ba lallai lissafin ya faɗa 80 da 20 cif ba, abin lura shi ne rashin daidaiton. Majemin da ya gano cewa yankan wuƙa ne ya cinye rabin asararsa ya san inda zai sa ƙarfinsa. Zai je wajen mahautan da yake saye gare su, ya ƙara musu wani abu a kan kowace fatar da ta zo ba huji, musamman lokacin Babbar Sallah da kowane gida ke fiɗa da hannun wanda ba sana'arsa ba ce. Ba don ƙirgar ba, da ƙila ya ɓata shekara yana sauya yadda yake jiƙa bagaruwa, abin da ba shi ne ke cin kuɗinsa ba. Sai dai a kula da abu guda: a ƙirga kuɗin asara, kada a tsaya ga yawan faruwa kawai. Ɗan tabo da ke fitowa sau ashirin yana rage dala biyar-biyar bai kai fata uku da suka ruɓe aka zubar ba.

Ƙirga tana nuna inda ciwon yake. Gano sanadinsa wani aiki ne dabam, kuma hanyar da ta fi shahara daga kamfanin Toyota ta fito. Taiichi Ohno, wanda ya gina tsarin aikinsu, yakan ce a tambayi "me ya sa" sau biyar. Misalinsa na inji ne da ya tsaya. Me ya sa ya tsaya? Nauyi ya yi masa yawa, fiyus ya ƙone. Me ya sa nauyi ya yi yawa? Boris bai samu isasshen mai ba. Me ya sa? Famfon mai ba ya turowa sosai. Me ya sa? Sandar cikinsa ta cinye tana girgiɗi. Me ya sa ta cinye? Babu rariyar tace mai, ɓarɓashin ƙarfe yana shiga. Wanda ya tsaya a tambayar farko fiyus zai canza, bayan ƴan watanni injin ya sake tsayawa. Duk bakaniken da ke gyaran injin niƙa ko janareta a Sabon Gari ya san wannan labarin da hannunsa, ko bai taɓa jin sunan Ohno ba.

Mu mayar da tambayar shagon telanmu. Me ya sa wuyan rigar ya matse? An yanka da awon da ba na mai rigar ba. Me ya sa? Awon mutum biyu ya cakuɗe. Me ya sa? Maigida yana rubuta awo a bayan kowace takarda da ta zo hannunsa, shadda kuma an jibge ta a kusurwa ba alama. Me ya sa ba a haɗa awo da yadinsa tun lokacin karɓa? Saboda a watannin da aiki ke da sauƙi maigida yana riƙe komai a ka, bai taɓa buƙatar haka ba, sai azumi ya zo kaya su ninka. Ka ga inda sawun ya kai mu. Mun faro daga keken yaro mun ƙare a teburin maigida.

Ina son wannan hanya, amma tana da rami biyu da na ga mutane na faɗawa. Na farko shi ne a tsaya da zarar an kai ga sunan mutum: me ya sa? Saboda wane ba ya kula. An koma gidan jiya ke nan. In amsa ta faɗa kan mutum, a ƙara tambaya: me ya sa tsarin ya bar kuskurensa ya wuce har ya kai hannun mai kaya? Rami na biyu shi ne a zarce har a kai ga abin da ba a da iko a kansa, a ce ai talauci ne, ai rashin wuta ne, ai ƙarancin ruwan garin nan ne, sai a naɗe hannu. Ƙarancin ruwa a Damagaram gaskiya ne, kakanninmu ma sun san shi. Amma abin da ka san yana zuwa duk bazara ya tashi daga hatsari ya zama sharaɗin aiki, kuma majemi ko mai rini da bai tanadi randa da tonon ajiya saboda shi ba, tsarinsa ne ke da giɓi.

Haka kuma aibi da yawa ba su da jijiya guda. Saboda su ne Kaoru Ishikawa na Japan ya yaɗa zanen nan mai kama da ƙayar kifi a shekarun 1960. A rubuta matsalar a kan kifin, a ja ƙashin baya, a fitar da rassa: mutane, kayan aiki, ɗanyen kaya, hanyar yi, awo, da yanayin wurin. A tara duk masu hannu a aikin, kowa ya rataya abin da yake zato a reshen da ya dace. Ana iya zana shi da gawayi a bangon shago. Amfaninsa shi ne yana hana taro ya maƙale a kan zaton mai babbar murya. Sai dai duk abin da ke jikin ƙayar zato ne har sai an je an gani da ido, an gwada. Mutanen Toyota sun dage a kan shugaba ya taka da ƙafarsa zuwa inda ake aikin, mu kuma mun riga mun ce gani ya kori ji.

Akwai manyan hanyoyi da ba zan daɗe a kansu ba. Kamfanin Motorola ya fito da Sigima Shida a 1986 ta hannun injiniyansu Bill Smith, burinta kada aibi ya wuce 3.4 a cikin miliyan, kuma tana bin hawa biyar: fayyace matsala, aunawa, nazari, gyara, tsarewa. Kamfanin Ford ya rubuta tasa mai hawa takwas a 1987. Waɗannan suna buƙatar lissafi mai zurfi da ma'aikata na musamman, sun dace da wuri irin matatar mai ta SORAZ da aka buɗe a 2011 mai ƙarfin tace ganga 20,000 a rana, inda ƙaramin kuskure ke iya zama gobara. Mai shago da yara huɗu ba ya buƙatar su, kuma ina shakkar duk mai ba da horo da zai zo ya jibga wa ƙananan ƴan kasuwa waɗannan sunaye ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Abu biyu dai sun cancanci a ɗauka. Daga Sigima Shida, a ɗauki fayyacewa: "kayanmu ba su da kyau" ba matsala ba ce da za a iya warwarewa, amma "riga shida cikin arba'in sun dawo a azumin bana saboda awo" ana iya kama ta. Daga Ford, a ɗauki rarrabewa tsakanin tsayar da ɓarna kada ta yaɗu da magance ta. In ka gano jarka ɗaya ta mai ta lalace, fara da janye ƴan'uwanta daga Kasuwar Dole kafin su ɓata maka suna, amma kada ka ɗauka janyewar ita ce magani.

Abin da ya fi duk waɗannan wuya a wajenmu ba ya cikin littafi. A masana'antar Toyota akwai igiya da ƙaramin ma'aikaci ke iya ja in ya ga aibi, shugaban sashe ya rugo, in ba a warware ba layin ya tsaya. Asalin tunanin daga masaƙar Sakichi Toyoda ne, wadda ke tsayawa da kanta in zare ɗaya ya tsinke. Yanzu ka auna wannan da shagonmu, inda yaro ya taso da tarbiyyar ba a ɗaga ido a kalli maigida, balle a ce masa "Baba, awon nan da kuka rubuta kamar ba daidai ba ne." Yaron ya gani, ya kuma san rigar za ta dawo, amma kunya da tsoro suka sa ya ɗinka ya yi shiru. Girmama na gaba abu ne mai daraja, ba na fatan mu rasa shi. Amma maigida ne kaɗai ke iya buɗe wannan ƙofa, kuma da aiki ake buɗe ta. Ranar farko da yaro ya kawo masa labarin kuskure, ko da na yaron ne, abin da ya fito daga bakin maigida shi zai yanke ko za a sake kawo masa wani. In ya ce "madalla da ka faɗa, zo mu duba," ya samu idanu takwas a shagonsa. In ya yi tsawa, daga ranar za a riƙa tura ɓarna ƙarƙashin tebur har sai mai kaya ya gano ta.

Wasu kuma sukan rufe maganar da cewa ƙaddara ce. Mun yi imani da ƙaddara, amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Bin sanadin asara don kada ta maimaitu ɗaure raƙumi ne, kuma dukiyar mutane da ke hannun mai sana'a amana ce.

Saura tsarewa, inda gyara da yawa ke mutuwa. An gano sanadi, an gyara, kowa ya ji daɗi, bayan wata uku an koma yadda aka saba saboda gyaran yana zaune ne a kan tunawa. Shigeo Shingo, wanda ya yi aiki da Toyota, ya koyar da cewa a tsara aiki yadda kuskuren ba zai ma samu hanyar faruwa ba, maimakon a yi ta cewa mutane su kula. A shagon tela wannan yana nufin ba a ajiye yadi sai an rubuta awo da sunan mai shi a ƙyalle an ɗinke a gefensa a gaban mai kayan, kuma mai yanka ba ya sa almakashi a yadin da ba shi da ƙyalle, ko da maigida ne ya miƙo masa. A wajen masu man gyaɗa yana nufin jarkar da aka wanke a kife ta ta kwana, wadda ba a kife ba ba a ɗura mata. Kafin azumi kuma maigida ya buɗe kayensa ya ga riga nawa shagon ke iya gamawa a rana ba tare da aibi ba, ya ninka da kwanakin da suka rage, in lissafin ya cika ya ce wa mai kawo shadda ta gaba, "Alhaji, ka yi haƙuri, sai bayan Sallah."